Kabaid a Cikin Huhun Goro

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga aji shida, a shekarar aka turo mana sabuwar malamar kemistiri. Ban yi murna ba, kuma ba zan zauna yau da furfurata in ce na yi ba.

Makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo a Birnin Gwari, kuma tun da aka buɗe ɓangaren kimiyya aji shida nawa ne. Babu inda aka rubuta haka, amma kowa ya sani. Aji huɗu da na biyar 'yan bautar ƙasa ke riƙe su, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi, ni kuma in karɓi yaran a shekararsu ta ƙarshe, in gyara abin da zai gyaru, in kai su bakin jarrabawa. 'Ya'yan mutane na yi ta kaiwa shekara da shekaru, ina jiran tawa. Ko a gida ba na buɗe mata littafin kemistiri. In ta kawo mini tambaya sai in ce, “Bari ki zo hannuna, a aji zan ba ki shi da zafinsa.” Wauta ce ko ba wauta ba, haka na tsara abina. So nake ta zauna a benci ta ga uwarta a inda ta fi iyawa.

Sabuwar malamar kuwa ba baƙuwa ba ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ɗalibata ce. 'Yar wani ƙauye ce a yankin Gayam, can bakin daji, ubanta manomi da damina, maharbi da rani. Da ta gama aji uku ya ce ta zauna gida, tun da ba shi da mai riƙe masa ita a cikin gari. Ni na hau bayan babur, ni da ba na ƙaunar babur, muka bi wata 'yar hanya da ko jaki sai ya yi shawara, na je na durƙusa masa na ce ya ba ni ita. A ɗakina ta zauna har ta gama. Ita ke yi wa 'yata kitso tana 'yar mitsitsiya, ita ke jan hannunta zuwa Islamiyya, shi ya sa yarinyar ta tashi ba ta da zance sai na Anti. To ga Anti ta dawo daga jami'a da digirinta, ni kuwa takardar kwalejin horon malamai ce da ni, ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa.

Shugaban makarantarmu na lokacin sabon zuwa ne, mutum mai son a nuna masa a ƙasa. Ya kira mu ofishinsa, ni da ita, ya ce Allah ya kawo sauƙi, yanzu malaman kemistiri biyu ne. Ɗaya za ta riƙe aji shida, ɗaya ta riƙe huɗu da biyar. Kafin ya yanke, mu riƙa shiga aji shida tare na ɗan lokaci, shi ma zai riƙa leƙowa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ashe akwai abin yankewa?”

Ya yi dariya ya ce, “Malama, ai gani ya kori ji.”

Ita ko ta sunkuyar da kai ta ce, “Ranka ya daɗe, a bar wa Malama ajinta. Ni wace ce?”

Da ta yi shiru da ya fi mini. Wannan “a bar wa Malama” shi ya fi ɓata mini rai. Wato har ajina ya zama abin da za a bar mini, kamar ragowar tuwo.

Muka fara shiga tare. In ina koyarwa ta zauna a baya ta naɗe hannu kamar ɗaliba. In tana koyarwa ni ma in zauna a baya, sai dai ni ba darasi nake saurare ba, kuskure nake jira, kuma ya ƙi zuwa. Muryarta ba ta kai rabin tawa ba, amma sai ka ga yara sun miƙo wuya don kar kalma ta wuce su. Ni sai na buga tebur ake yin tsit. Ana fita tara su yanyame ta a gindin darbejiya, har da tawa 'yar, tana rungume da jakar Anti. Tawa jakar ni ke ɗaukar abata. Na taɓa tsayawa a tagar ofishin malamai ina kallonsu har shayina ya huce, wani abu na tafasa a ƙirjina, kuma na san sunansa sarai. Kishi ne. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni a wannan zangon na zuba taki ba kaɗan ba.

Darasin da ke gabanmu shi ne na alkayin, kuma duk shekara shi na fi ji da shi. Ga yadda abin yake, don wanda bai yi kimiyya ba. Iskar nan da masu walda ke kunnawa ta ba da harshen wuta mai yanka ƙarfe, asitilin ake ce mata, ita ce ƙaramar dangin alkayin. A cikin kowace ƙwayarta akwai kabon guda biyu a ɗaure da juna da ɗauri uku. Ni da igiya nake kwatanta wa yara, in ce shanu biyu ne aka haɗa da igiya uku. In baƙon sinadari ya zo, kamar buromin, sai igiya ɗaya ta tsinke, kowane guntu ya ɗaure baƙo ɗaya. In baƙin sun ƙaru, ta biyu ma ta tsinke, wasu biyun su shiga. Ta ukun ba ta tsinkewa, daga nan gida ya cika. Babu abin da ke fita, shiga kawai ake yi, shi ya sa ake ce masa haɗin ƙari. Haidurojin ma haka yake shiga, ruwa ma haka, amma na buromin ne ido ke gani, don ruwan buromin launinsa ruwan goro ne, in iskar ta ratsa shi sai ya koma garau.

Ido ke gani, na ce. Nawa idon bai taɓa gani ba. A kwaleji a allo aka zana mana, ni ma a allo na yi ta zanawa. Ɗakin gwaje-gwajenmu suna ne kawai, 'yan kwalabe ne da zanzaro ya yi gida a cikinsu da wani tsohon ma'auni da ya daina faɗin gaskiya. Amma na iya ba da labarin abin har ka rantse a gabana aka yi. In na zo wurin sai in ɗaga alli in ce, “Launin ya ɓace yaushe?” Yara su amsa da ƙarfi, “Nan take!” Duk wadda ta bi ta hannuna ta san wannan, har 'yan aji biyar suna jiyo shi ta taga su haddace kafin su iso.

Ran wata Asabar da hantsi sai ga sabuwar malamar a gidanmu da ƙwan zabi da kwalbar zuma, saƙon babanta. Ta durƙusa ta gaida Inna, mahaifiyata, da ke zaune a wurina tun rasuwar babanmu, sannan ta matso kusa da ni. Ta ce ta zo da ruwan buromin daga jami'a, wani malaminsu ya ba ta da ya ji makarantarmu ba mu da shi, da wani shuɗin ruwa na wanke iskar. Ta kuma samo sabuwar robar ƙarin ruwa ta asibiti da za ta zama bututu. Abu ɗaya ya rage, kabaid, dutsen nan mai ruwan toka da masu walda ke zuba wa ruwa ya fitar da iskar.

Ta ce, “Malama, ke za ki yi a gaban yara, ni in riƙe miki kwalba. Ai a bakinki na fara jin labarinsa.”

Na dube ta ina neman makirci a fuskarta, ban samu ba, wannan ma ya ƙara mini haushi. Na ce, “Kabaid ki bar mini, ni zan kawo. Ba sai kin yi komai da komai ba.”

“To, Malama. Sai dai akwai ɗan abin da nake so in faɗa miki game da yadda launin yake...”

“'Yar nan, tun kina wasan ƙasa nake koyar da darasin nan.”

Ta ce, “Allah ya huci zuciyarki.” Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ana gobe gwajin na biya ta bakin tasha wurin mai walda. Na same shi yana ɗaure kaya a babur, zai tafi Randagi gyaran injin niƙa, ya ce Allah ya so ni, don sai ya kwana biyu can. Ya zaɓo mini 'yan dunƙulaye masu kyau ya naɗe a takardar siminti. Na san kabaid ba ya shiri da danshi, wannan ko 'yar aji huɗu ta sani. Niyyata in juye shi a gwangwani mai murfi, amma ina shiga gida aka ce maƙwabciyarmu ta sauka, mata na ta shiga barka. Na ɗora ƙunshin a kan sif, inda ba ruwa ba dalilinsa, na leƙa ɗakin Inna na ce, “Inna, ga wani abu can na ajiye. Mai daraja ne ƙwarai, gobe aikina kacokan a kansa yake. Kar yara su taɓa.” Ta ce in tafi abina.

Dole in faɗi wace ce Inna. 'Yar fataken goro ce, jikar fataken goro. Kakanninta da jakuna suke zuwa Gwanja tun Bature bai tako ƙasar nan ba, su ratso dazuzzuka wata da watanni, kuma abin da ya riƙe gidansu shi ne sanin yadda ake raya goro a hanya. A naɗe shi cikin ganyen fita, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa, a tsince mai tsutsa a mai da sauran. Ita ma har tsufanta tana sayar da goro a cikin gida, huhunta na kusa da randa inda ya fi sanyi. A wurin Inna abu mai daraja ba a barin sa a sarari ya sha iska ya bushe. Ɗanyar citta huhu, lemon da aka kawo mata dubiya huhu, har sabon agogon da ƙanena ya aiko mata sai da ya kwana a huhu kafin mu ceto shi. Na san halinta sarai, amma ban taɓa zaton dutse ma zai ba ta tausayi ba.

Da safe ina wanka ta ɗago murya ta ce, “Na sa miki abin naki a jaka, kar ki manta shi garin sauri.” Na fito na taɓa jakar na ji ƙunshi a ɗaure cikin tsohon ɗankwali, na ce Allah ya saka. Akwai wani wari a tsakar gida kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, amma kabaid dama yana da ɗan warinsa, ban kawo komai a raina ba. Inna kuwa tana fama da mura, ko wuta aka kunna mata a hanci ba za ta ji ba.

Ajin ya cika ranar. Shugaban makaranta ya sa an kawo masa kujera, malamai biyu-uku suna tsaye a bakin ƙofa, 'yan aji biyar sun toshe tagogi har sai da aka kore su baya don iska ta shiga. Ƙaramar malama ta jera kwalabanta uku a tebur, ta haɗa su da robar asibitin, ta koma gefe ta tsaya. Na ɗauki alli. Wallahi ban taɓa yin darasin shanu da igiya ya yi daɗi kamar na ranar ba. Na ja muryata inda ake ja, na sassauta inda ake sassautawa. 'Yata na benci na biyu ta yi tagumi tana kallona, ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce a raina, yawwa, yau kya san wace ce uwarki.

Sannan na ciro ƙunshin na kwance ɗankwali. Ganyen fita na gani, kore shar, an naɗe shi tsaf an ɗaure da zare, naɗin gwanaye. Wata a baya ta ce, “Lah, Malama ta kawo mana goro!” Aji ya kwashe da dariya. Na buɗe ganyen, takardar simintin ta jiƙe ta ruɓe, a cikinta babu dutse ko ɗaya, sai wani farin gari mai damshi kamar farar ƙasa. Ya sha ruwan Inna daren jiya, ya fitar da iskarsa kaf a cikin goro, ya bar mini toka. Duk da haka na zuba shi a kwalba na ɗiga ruwa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ya yi ɗan kumfa sau ɗaya ya kwanta. Mai walda kuma yana Randagi.

Sai na ji ƙaramar malama a gefena. Ta ciro wani ɗan gwangwani daga jakarta, an liƙe bakin murfinsa da kakin zuma, ta miƙo mini da hannu biyu. A hankali ta ce, “Malama, ga wannan. Kabaid ɗin fitilar goshin Baba ne ta farauta. Na taho da shi don ko da.”

Don ko da! Wato tun a gida ta zauna ta lissafa cewa tsohuwa na iya kasawa. Na san ba haka take nufi ba, yarinyar da ko fita tara za ta yi sai ta ɗauki alli biyu, amma kunnena abin da ya ji ke nan. Da na miƙa hannu na karɓa da shi ke nan, gwajin nawa ne. Hannun ya ƙi miƙuwa. Na ce, yadda kowa zai ji, “Tun da kin shirya wa ko da, ai sai ki yi abinki.” Na kaɗe allin hannuna na tafi can baya na zauna.

Ta dube ni, ta dubi shugaban makaranta. Ya ɗaga mata kai. Ta ce kowa ya matsa daga tebur, kuma duk mai ashana a aljihu ya fita da ita waje. Ta jefa ɗan dutse a kwalbar farko ta ɗiga ruwa. Ya yi tsuwwa, kumfa ta taso, iska ta bi roba ta ratsa shuɗin ruwan ɓul-ɓul, ta faɗa cikin ruwan buromin. Wata mai rawar kai a gaba ta kwaikwayi muryata ta ce, “Launin ya ɓace yaushe?” Aji duka ya ɗauka, “Nan take!”

Launin bai ɓace ba. Iska na shiga, ruwa na nan ruwan goro abinsa. Aka fara ƙus-ƙus. Shugaban makaranta ya gyara zama ya dubi agogonsa. Ni kuwa wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, kamar an ba ni zuma a cokali. Malamar kimiyya guda, ina zaune ina roƙon Allah ya sa kimiyya ta yi ƙarya yau ɗaya tak. Ban ji kunya ba a lokacin, daɗi na ji.

Ita ko ko gezau. Ta ce, “Ku ba shi lokaci. Alkayin ba ya gaggawar karɓar buromin, ɗan'uwansa mai ɗauri biyu ya fi shi sauri. Wa za ta riƙe mana farar takarda a bayan kwalbar mu gani da kyau?” Hannuwa suka tashi. 'Yata ba ta ma jira an kira ta ba, ta riga ta isa tebur.

A jikin farar takardar aka fara ganewa. Ruwan goron ya sassauta, ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawan ya yi ta tsinkewa yana tsinkewa, har ka rasa ko launi ne ko idonka ne. Can sai ga takarda fara fes ta cikin kwalba, kamar ba a taɓa zuba komai ba sai ruwan sha. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsaye ina ɗage, ina leƙe ta saman kawunan yara, bakina a buɗe. Abin da na yi rabin rayuwata ina ba da labarinsa ke nan, ashe ya fi labarin kyau nesa ba kusa ba, kuma a hannun wata na gan shi. Yara suka ɓarke da tafi da kabbara. 'Yata na riƙe da takarda tana dariya, hawaye a idonta, tana kallon Anti. Ba ta waiwayo baya ba.

Mai rawar kan nan ta sake ɗaga hannu. “Anti, ashe ba nan take ba ne?”

Ta ce, “Abin da ake so ku sani shi ne launin yana ɓacewa, da dalilin ɓacewarsa, kuma Malama ta koya muku shi daidai. Igiyoyin nan da ta zana, su kuka ga suna tsinkewa yanzu.” Ta rufa mini asiri a gaban ajina. Da ta tona ni da na samu abin faɗa da shi, wannan kuwa sai dai in haɗiye.

Na koma gida da wuta a bakina, na tarar Inna ta riga ni kunna tata. Ta baje huhunta a tabarma, tana tsince goron da ya kwana kusa da ƙunshina, duk ya yi baƙi ya yamushe kamar an gasa.

“Ke! Wane irin mugun abu kika kawo mini gida? Dubi yadda ya ƙone mini goro!”

“Inna, wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa?”

“Ba ke kika ce mai daraja ne ba? Na same shi a sarari ya bushe ƙamas har yana tsagewa, na ce bari in taimaki yarinyar nan.”

“Dutse ne fa, Inna! Dutse ake yayyafa wa ruwa?”

“Dutsen da ke cin goro ba dutse ba ne, ki binciki wanda ya ba ki.”

Garin neman gira an rasa ido, kuma kowace a cikinmu tana ganin nata idon ne ya tafi. Sai daga baya na tuna tana kwana da fitila a kunne kusa da randar nan, na gode wa Allah da abin ya tsaya a goro. Muna cikin haka 'yata ta shigo da gudu ko sallama ba ta gama ba, tana cewa, “Inna, da kin ga abin da Anti ta yi yau!” Ta hango fuskata, ta haɗiye sauran, ta shige ɗaki.

Ba a daɗe ba shugaban makaranta ya kira ni. Ya yi ta yabona har na gane inda aka dosa, don ba a shafa wa akuya baya haka kawai. Ya ce gini tushe ne, kuma babu wanda zai iya kafa mana tushe a aji huɗu da biyar kamar mai gogewa irin tawa. Na ce na gode. Ƙaramar malama ta biyo ni har gida tana kuka, ta ce za ta je ta ce ba ta so. Na ce in ta kuskura ta je, kar ta ƙara tako mini gida. Aji ba zakka ba ne da za a ba ni don tausayi.

Haka 'yata ta yi shekararta ta ƙarshe a hannun wata, ina jiyo su ta bango. Da la'asar ta ɗauki littafi ta tafi gidan Anti. Sau ɗaya na ce, “Kawo in duba miki wannan babin.” Ta ce, “Ki huta, Mama, Anti ta riga ta yi mana.” Ta faɗa ne da ladabi, har da ɗan murmushi. Yaran sun ci jarrabawa da kyau a shekarar, ban isa in ce ba su ci ba. Na je na yi wa malamarsu barka, na kuma dawo gida na ƙi cin tuwo.

'Yata kemistiri ta karanta a jami'a, a Zariya. Ranar bikin kammalawarsu muka cika mota guda daga Birnin Gwari. Inna ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta, amma Anti na ciki, don yarinyar ta ce ko kowa bai zo ba ita ta zo. Tun asuba nake suyar waina, na cika babbar kula, ni na riƙe ta a cinya har muka isa. Muka sami inuwar wata bishiya muka shimfiɗa tabarma. Can sai ga 'yata cikin doguwar rigar nan da hula mai tuntu, ta jawo wani dattijo mai farin gashi, babban malaminsu.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ga mutanen gidanmu. Wannan ita ce malamar da nake ba ka labari, wadda ta nuna mana gwajin buromin da kabaid ɗin farauta. Ita ta sa na so kemistiri.”

Dattijon ya washe baki. Ya daɗe suna magana da ita, yana tambayar yadda ta haɗa kwalaben, yana cewa irinsu ƙasar nan ke nema. Ina tsaye da kula a hannu.

Sannan 'yata ta juyo ta dafa kafaɗata. “Wannan kuma Mamata ce.”

Ya ɗan rusuna ya ce, “Hajiya, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka miki da kika bar ta ta yi karatu. Fannin nan nata da wuya ƙwarai, ba lallai ki gane irin wahalar da ta sha ba, amma ki yi alfahari da ita.”

Ƙaramar malama ta buɗe baki. “Ranka ya daɗe, ai Malama ita ce...”

Na taka mata ƙafa. In za a faɗa, ba daga bakinta nake so in ji ba. Na dubi 'yata na jira. Tana gyara hularta da ta karkace, tana ɗaga wa mai hoto hannu ya zo wajenmu.

Na ce wa dattijon amin, na gode. Na durƙusa a tabarma na buɗe kula, na fara zuba wa mutane waina.